Zuliha da Daɓen Shanyar Shinkafa

Duk wanda ya sayi shinkafa a ƙauyenmu a waɗancan shekarun ya san Zuliha matar Datti. Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin ɗaya daga cikin hanyoyin ruwan da aka jawo daga madatsar ruwa ta Tiga, kuma da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mace tana turara shinkafa ba. Ni ma sana'ata ke nan. Sunana Indo, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsince shi ba.

Yaya Zuliha ba 'yar garinmu ba ce. A wata ruga gabas da Bunkure aka haife ta, mahaifinta yana kiwon shanu, yana kuma noman dawa. Mahaifiyarta, Inno, takan ce duk cikin 'ya'yanta babu wadda ta gajiyar da ita da baki kamar wannan. Lokacin da ake haƙa hanyoyin ruwa tana 'yar budurwa mai tallan nono, sai ta ajiye ƙwarya a gindin bishiya ta tsaya kallon ma'aikata har nonon ya yi tsami. Abin da ya dame ta shi ne, ƙasa a shimfiɗe take a ido, to yaya suka san ta ina ruwa zai bi? Ta yi ta tambaya har wani ma'aikaci ya gaji, ya ɗora ta a kan dutse ya ce ta leƙa cikin na'urar awo mai ƙafa uku. Ta ce ba ta gane komai ba, amma ta ga mutum a can nesa kamar ta miƙa hannu ta taɓa shi. Ranar ta sha faɗa a gida, ta ce ko a jikinta.

Datti, mijinta, mutum ne marar yawan magana. Yana da 'yar gonarsa a bakin ruwa, da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa. Idan abokansa suka tsokane shi da tambayoyin matarsa, sai ya ce, "Ni dai na koyi cewa ban sani ba. Tun da na iya faɗinta na samu lafiya."

A lokacin da nake ba da labari ta haura arba'in, 'ya'yanta mata sun yi aure, mazan suna gona da ubansu. Sana'armu ba ta da wuyar ganewa. Ki sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, ki jiƙa a duro, ki turara, ki shanya, sannan a kai inji a cashe. Duk wahalar tana wajen shanya. Mukan ɗinke tsofaffin buhuna mu baza a tsakar gida, ko a ƙofar gida, wasu ma a gefen kwalta. Akuya ta ci, kaza ta tona, iska ta kwaso ƙasa ta zuba. Shi ya sa mutanen birni suke cewa shinkafarmu da daɗi amma sai an yi hankali da haƙori.

Wannan maganar ce ta tsaya wa Yaya Zuliha a rai. Wata rana ta sayo gwangwani ɗaya na shinkafa 'yar waje, ta baza a faifai, ta kira ni ta kan katanga.

"Indo, zo ki nemo mini tsakuwa a nan."

Na duba, babu. Ta ce, "To su a sama suke shanya tasu?"

Amsar ta same ta a Kura, ranar da muka bi kayanta zuwa wani babban inji. A bayan injin ta ga fili guda an zuba masa siminti, sumul kamar ɗakin amarya, an kewaye da katanga, maza suna juya shinkafa da wani katako mai dogon hannu. Ta cire takalmi ta taka. Ta tsuguna ta shafa. Ta tambayi mai gadi kaurin daɓen da abin da aka zuba a ƙarƙashi. Tun a mota ta ce mini, "Irin wannan zan yi."

Akwai wani kango a bayan gidansu da Datti ya gada. A farkon shekarar 2007 ta sa aka kira Ɗanbaba magini ya auna. Tana son daɓe, da katanga da za ta tsare dabbobi, da ɗan ɗakin ajiya a kusurwa. Da ya faɗi abin da aikin zai ci, Datti ya yi gyaran murya ya fita duba albasa. Ita kuwa ta kwashi adashinta, ta je ruga ta roƙi Inno aka sayar da wani bijimi nata. Inno ba ta so ba. Ta ce, "Sa yana tafiya da ƙafarsa ya nemi ciyawa. Siminti fa?" Duk da haka ta bari. Kuɗin ya isa bulo da yashi, ya tsaya nan. Siminti, tsakuwa, kwano da ladan ma'aikata duk suna gaba.

Maganar ba ta daɗe ba ta kai kunnen Alhaji Sammani, dillalin da ke zuwa da mota duk mako yana kwashe shinkafar matan unguwa ya kai birni. Mutum ne mai fara'a, ya san sunan 'ya'yan kowa, kuma ba ya zuwa hannu biyu. Ya zauna a zaure da Datti, aka kira ta, ta tsaya daga bakin ƙofa. Ina tsakar gidan ina jin su.

"Malama Zuliha, ashe kina da babban aiki ba ki gaya mini ba? Gobe-goben nan sai in sa a sauke miki siminti. Kwano ma na ɗauka."

"Allah ya saka da alheri, Alhaji. Yaya za mu yi wajen biya?"

"Haba, tsakanina da ku? Abin da na kashe shi za ki mayar, ko sisi ba ƙari. Ni ba banki ba ne. Ki dai riƙa ba ni shinkafarki ni kaɗai, ina cirewa a hankali."

"A wane farashi?"

Ya yi dariya. "Yadda muka saba."

"To yaushe zan gama?"

"Duk ranar da Allah ya nufa. Wa yake korar ki?"

Da ya tafi Datti ya ce, "Ki karɓa. Mutum ne da muka sani, ya san mu."

Ta ce, "Na ji, Malam. Amma ka taɓa ganin ɗan kasuwa ya kwantar da kuɗinsa a ƙasa, ya zuba musu ruwa su daskare, ba don komai ba? Ba zarginsa nake ba. So nake in san ta ina nasa yake fitowa."

Datti ya ce bai sani ba.

Akwai wani ƙaramin banki a Kura da aka yi wa sabon fenti da sabon suna a shekarar, ana ta cewa suna ba mata masu sana'a rance. Ta nemi izinin Datti, ta ce in raka ta. Ni ban taɓa shiga banki ba, ita ma haka. Muka zauna a benci, fanka tana kaɗawa, har aka kai mu wajen wata ma'aikaciya mai suna Bilkisu, yarinya ce sa'ar 'yarta ta fari, da hijabi ruwan toka. Ta gaishe mu da ladabi ta ce, "Umma, me ke tafe da ku?"

Yaya Zuliha ta yi bayanin aikin, sannan ta shiga abin da ta fi iyawa.

"'Yar nan, kuɗin da za ku ba ni, na wane ne?"

"Na mutanen da suka kawo ajiya ne, Umma."

"Sun san za ku ba ni?"

Bilkisu ta murmusa. "Sun san muna bayarwa. Ba su san ke ba ce."

"To in na kasa biya, wa zai ji kunyarsu, ni ko ku?"

"Mu. Shi ya sa muke neman mutum biyu su tsaya miki, da shaidar filin daga wajen dagaci."

Ta yi mana bayani dalla-dalla, ba ta ɓoye komai ba. Shekara ɗaya ake bayarwa. Duk ƙarshen wata a kawo wani abu, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Sannan akwai kuɗin ruwa a kai.

Yaya Zuliha ta ce, "Mu ma muna biyan kuɗin ruwa duk shekara, amma mu ana sako mana ruwan, muna ganinsa yana shiga gona. Naku ina ruwan yake? Me ya sa ake ce masa haka?"

Bilkisu ta yi dariya har ta rufe baki. Ta ce wallahi ba ta taɓa tunani ba. Ta juya ta tambayi na kusa da ita, shi ma bai sani ba, ya tambayi wani. Kafin mu tashi rabin ma'aikatan suna gardama a kai. Wani ya ce don yana ƙaruwa ne kamar ruwan rijiya, ka ɗiba ya dawo. Ba a dai tsaya a kan amsa ba. Abu ɗaya ya burge Yaya Zuliha. Da ta tambayi ranar gamawa, Bilkisu ta nuna mata watan a jikin kalanda, ta ce, "In kin kai nan, ba mu san ki ba, ba ki san mu ba."

A hanya na ce, "Yaya, wanne za ki ɗauka?"

Ta ce, "Na ji bakin masu bayarwa. Saura masu karɓa."

Ta fara da Baraka, wata mai turara shinkafa a ƙauyen gabanmu, wadda Alhaji Sammani ya gina wa ɗakin ajiya shekarun baya. Ɗaki mai kyau, da ƙofar ƙarfe. Baraka ta yi ta yabonsa. Ta ce lokacin da ɗanta ya karye shi ya kai su asibiti a motarsa, kuma bai taɓa ɗaga mata murya a kan bashi ba.

Yaya Zuliha ta ce, "Saura nawa ki gama?"

"Alhaji ne ya sani."

"In wani ya zo ya taya shinkafarki sama da yadda yake saye fa?"

"Suna zuwa. Amma da wane ido zan dube shi?"

Ba ta faɗa da baƙin ciki ba. Ni dai a ganina hankalinta kwance yake, tana da wanda za ta kira in ta shiga uku.

Daga nan muka je wajen Maharazu, mai ɗan injin casa a bakin hanyar Bunkure, wanda ya gina rumfarsa da kuɗin banki. Ya kashe injin don mu ji juna, gashin girarsa fari fat da dusa.

Ya ce, "Hajiya, banki ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza. Shekarar da na karɓa aka rufe ruwa don gyara, aiki ya tsaya cak, a watan kuma mahaifina ya rasu. Ƙarshen wata bai fasa zuwa ba. Babur ɗina na sayar."

"Da za a koma baya, za ka sake?"

Ya ce, "Ban sani ba. Amma ranar da na gama, na gama. Yau wanda na ga dama nake yi wa aiki."

Saura magana ɗaya, wadda ita ce babba a wajen Datti. Ya ce ko da banki zai ba da sauƙin duniya, shi ba za a zuba riba a filin ubansa ba. Ta ce to su je su ji daga bakin mai sani. Suka je wajen Malam Dattijo, limamin unguwarmu, bayan la'asar. Ban bi su ba, ita ta ba ni labari.

Malam bai yi jinkiri ba a kan banki. Ya ce a ba ka goma ka mayar da sha biyu saboda lokaci, wannan riba ce, babu ja. Datti ya gyara zama, ya ɗauka an gama.

Sai ta ce, "Allah gafarta Malam, to wanda ya ba ni goma ya ce in mayar da goma, amma kada in sayar wa kowa kayana sai shi, a farashin da ya yanka, shi kuma fa?"

Malam ya san wanda ake nufi. Kowa ya sani, lasifikar masallacinmu ma Alhaji Sammani ne ya saya. Ya shafa gemu ya ce su ba shi lokaci ya duba, ba ya son ya yi magana da ka. Bayan sallar Juma'a ya aiko suka koma. Ya ce ya duba, ya kuma tambayi na gaba da shi. Rancen da aka gindaya masa sharaɗin amfani ga mai bayarwa, ko ba a kira shi ruwa ba, ɗan uwan wancan ne.

Datti ya ce, "To shi ke nan, a bar ginin."

Malam ya ce, "A'a, akwai ƙofa. Maimakon ya ranta mata, ya sayi shinkafarta tun yanzu, ya biya kuɗin duka a hannu, ita kuma ta kawo daga baya. Amma sai an faɗi irin shinkafar, an faɗi yawan buhu, an faɗi lokaci. Wannan ciniki ne, malamai suna ce masa salam. Sai dai ku sani, in an yanke an yanke. Kasuwa ta hau ko ta sauka, babu mai komawa."

Yaya Zuliha ta dawo tana murna kamar ta tsinci kuɗi. Ba don ta samu mafita kawai ba. Daɗinta shi ne ashe tun da daɗewa wasu sun zauna sun yi wannan tunanin, har sun raɗa masa suna.

Alhaji Sammani bai ji daɗi ba ko kaɗan. Da ta kawo masa maganar a zaure, fara'arsa ta ɗauke.

"Wato ni aka kai gaban liman? Ni da na zo da alheri?"

"Ba ƙara na kai ba, Alhaji. Tambaya na yi."

"Tambayarki ta fi ƙara ciwo."

Ya tashi ya kaɗe riga. Mako ya zagayo, motarsa ta tsaya a ƙofar gidana, ta tsaya a gidan gaba, ta tsallake nasu. Haka aka yi ta yi har damina ta kankama. Buhunanta suka taru a ɗaki, ta riƙa sayarwa da kwano-kwano ga masu tuwo. Matan unguwa suna cewa ga abin da yawan bincike yake jawowa. Sau ɗaya ta sa mayafi ta ce in zo mu koma banki. Mun kai bakin titi, mota ta tsaya, sai ta ce wa direban ya yi haƙuri, muka juyo.

Alhaji da kansa ya dawo. Ya ce ya kai maganar wajen wani malaminsa a birni don ya ji an ce ita ce ba ta da gaskiya, malamin ya ce masa shi ma ya gyara. Ya faɗa yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Na kuma san masu sayensa sun fara tambayar ina shinkafar nan mai haske ta Yaya Zuliha. Aka zauna gaban Malam Dattijo da shaidu. Buhu talatin na gyararriyar shinkafa, doguwar ƙwaya, a kawo su cikin shekara guda, a farashin da ya ɗan gaza na kasuwa. Ya biya a take. Ban da waɗannan buhunan, ta sayar wa wanda ta so.

Da kaka ta wuce aka fara aiki. Ɗanbaba magini ya ce bai taɓa gini da mai kallo irin wannan ba. Me ya sa ake daka ƙasa kafin a zuba tsakuwa? Me ya sa ake raba daɓen gida-gida da siririn katako? Ya ce don in rana ta buɗa shi kada ya tsage. Me ya sa ake ba siminti ruwa bayan ya bushe, shuka ne? Ya ce, "Hajiya, haka na tarar ana yi, kuma wanda bai yi ba nasa yana fashewa." Ta ce a bar mata wannan aikin. Safe da yamma tana yayyafa ruwa, ta rufe da tsofaffin buhuna. Ranar da aka fara shanya, mata suka cika wurin. Inno ma ta zo daga ruga, ta ƙwanƙwasa daɓen da sandarta ta ce, "To, ba ya cin ciyawa, wannan kam na yarda." Ɗakin ajiya ya kai linta, saura rufi, an ware kuɗin kwano.

Ta kai wa Alhaji kusan kashi ɗaya cikin uku na buhunan lokacin da kasuwa ta birkice. A cikin shekarar 2008 shinkafa ta yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Yau ka ji farashi, jibi ka ji wani. A rediyo ana cewa wasu ƙasashe masu nisa sun hana fitar da tasu. Manoma suka yi dariya, masu sayarwa suka yi dariya. Yaya Zuliha ce kaɗai ba ta yi ba, don ita ta riga ta sayar da tata tun bara, ta zuba kuɗin a ƙasa. Yanzu sai ta sayi shanshera da tsada, ta sayi itace, ta biya inji, ta miƙa wa Alhaji buhun da ya kusa ninka kuɗinsa.

Da farko tambaya take yi. "Indo, yaya za a yi mutum ya rufe ƙofarsa a wata duniya, ni in ji a cikin durona?" Daga baya ta daina. Sai in leƙa ta katanga in gan ta tana juya shinkafa, bakinta a rufe. Wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali, don ban san ta da shi ba.

Datti ya ce, "Ki bari in same shi. Mutum ne mai tausayi, zai rage miki buhu biyar ko shida."

Ta ce, "Ni na ce a yanke, Malam. Shi cewa ya yi a bar shi a buɗe. Da shinkafa faɗuwa ta yi, da zan ƙara masa?"

Kuɗin kwano suka tafi sayen shanshera, ɗakin ajiya ya sha damina a buɗe. Da aka yi girbi, Datti, wanda ya ci burin sayar da shinkafarsa da tsada ya sayi injin ban-ruwa, ya sa 'ya'yansa suka sauke ta gaba ɗaya a bakin daɓen. Ta fito ta ga buhuna. Ya ce, "Wuri ne babu a zaure," ya wuce masallaci.

Wani sauƙin ya zo ta inda ba ta zata ba. Tsadar ta sa kowa ya koma sana'ar shinkafa, kuma dillalai suka fara ware wadda aka shanya a siminti suna ƙara mata kuɗi. Mata suka riƙa zuwa roƙon wuri. Ta ce kowane buhu a ba ta kwano ɗaya. Daɓen bai ƙara kwana babu kaya ba. Ni ce ta farko a layi, kuma ni ma ina biya.

Ta wuce wa'adi da kusan wata guda. Alhaji bai ce komai ba a kan jinkirin, bai kuma rage ko ƙwaya ba. Ranar da aka ɗora buhun ƙarshe ya ce, "Malama Zuliha, cinikin nan naki ya yi mini daɗi. Mu sake na baɗi mana?"

Ta ce, "Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Bari in huta tukuna."

Ya yi dariya sosai, wannan karon har ciki.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ga ta da mayafi, wai mu je Kura wajen Bilkisu. Na ce me kuma za mu karɓo? Ta ce ba karɓa za ta yi ba. Yarinyar ta gane mu, ta ba mu kujera. Yaya Zuliha ta faɗa mata abin da Alhaji ya bayar, da abin da buhunan suka kai a kasuwa lokacin da ta miƙa su. Ta ce, "Duba mini, da ku na zo, da wanne ya fi ci na?"

Bilkisu ta danna ɗan injin lissafinta, ta sake dannawa. Ta ce, "Umma, gaskiya da namu ya fi miki sauƙi. Da nisa ma." Sai ta yi saurin ƙarawa, "Amma fa da shinkafa ta faɗi, da ke kika ci riba."

"Ba ta faɗi ba ai."

"Ba ta faɗi ba."

Yaya Zuliha ta gyaɗa kai, ta yi mata godiya, ta ajiye mata ƙullin shinkafa a kan tebur. A mota na ce, "Yaya, kin yi nadama?"

Ta ce, "Kuɗin sun yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na je can, da maigidana bai taka filin nan da daɗin rai ba, ni ma haka. Ban san yadda ake auna wannan da wancan ba. In na gano zan gaya miki." Har yau ba ta gaya mini ba.

An rufa ɗakin ajiya a shekara ta gaba, da kuɗin hannunta. A wannan shekarar ce kuma ta ce tana so ta ga inda shinkafarta take zuwa, don shekara da shekaru tana ɗora buhu a mota ba ta san ƙarshen tafiyarsa ba. Muka yi hayar akori-kura da wasu mata biyu, Datti a gaba kusa da direba, muka nufi kasuwar Dawanau. Ban taɓa ganin hatsi mai yawan haka ba, buhu a kan buhu har sama da tsayin gida. Muka sayar da namu tun kafin azahar, da daraja.

Muna zagayawa sai ta tsaya a wata rumfa, ta ɗebi shinkafa daga wani buhu mai zanen kala-kala da rubutun Turanci. Ta murza, ta shinshina, ta jefa ƙwaya ɗaya a baki.

Mai rumfar ya ce, "Hajiya, 'yar waje ce wannan, ta jirgin ruwa ta zo."

Ta ce, "Ikon Allah. Da itacen maina suke turarawa su ma, kamar mu?"

Mutumin ya dube ta, ya dubi buhun, ya sosa ƙeya. Ya rage murya ya ce, "Daga ina kuke?"

"Daga wajen Kura."

"To ki rufa mini asiri. In na ce ta gida ce, sai su ce da tsakuwa, ko dubawa ba sa yi."

Ta ce ba ta zo tona asirin kowa ba. Ta ja wani buhu ta zauna, ta ce ya gaya mata inda ake buga waɗannan buhunan masu zane, da ko suna yarda su rubuta sunan da mutum ya ga dama, ko da na ƙauye ne. Datti ya dubi rana, ya dube ni, ya tafi ya gaya wa direba ya nemi inuwa ya ci abinci.